Ranar da Yoga ta Cinye Gayyar Tasalla

Tun ranar Juma'a Tasalla ta ɗauki goro a ƙunshe cikin ganye ta kai wa Sagiru, sarkin samarin Gidan Ashiru, ta ce tana gayyar cirar gyaɗa ranar Talata. Sagiru ya karɓa da hannu biyu, ya ɓara ɗaya a gabanta ya jefa a baki. A wannan ƙauye, in sarkin samari ya ci goron gayya, magana ta ƙare, sai dai mai gona ta je ta tanadi abin da za a ci.

"Gwaggo, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Kafin azahar ko kunya ɗaya ba za ta rage ba."

Gonar ita ce abin da mijinta marigayi Maharazu ya bar mata, tana bayan gari a kan hanyar Rogo. Gyaɗar irin mai saurin nuna ce, wadda in ta ƙosa aka bar ta ruwa ya same ta, a cikin ƙasa take tsirowa. Ta kuwa ƙosa, ganye ya yi ɗigo-ɗigo baƙi yana zuba, ga hadari kullum da la'asar sai ya leƙo ta gabas ya yi gurnani ya koma. Tasalla ta ba sittin baya, bayanta kuma ya daɗe da daina yi mata biyayya. 'Ya'yanta mata suna aure a Ƙaraye, namijin yana kudu ba a cika jin ɗuriyarsa ba. Wannan gyaɗa ita ce manta, ita ce ƙuli-ƙulinta na sayarwa, ita ce cinta da suturarta har wata damina. Ba ta jin nauyin kiran gayyar, don shekara talatin ba a taɓa kaɗa gangar noma a garin nan ba a ga ƙeyar Maharazu a kan kunyar farko ba.

Ranar Talata tana idar da sallar asuba ta hura wuta. Ta dama kunun kanwa cikin tukunyar biki, ta turara dambu da zogale har ƙwarya uku, ta zuba masa mai ba tare da ƙyashi ba. Maƙwabciyarta Sauda ta taya ta ɗauka zuwa gona, suka jera kayan a gindin tsamiya suka zauna.

Rana ta fito. Hantsi ya dubi ludayi. Ba ganga, ba fartanya, ba ko tarin mutum ɗaya daga nesa. Sai wani jaki da ya zo ya tsaya yana kallon dambun.

"Ko mutuwa aka yi ne ba mu ji ba?" in ji Sauda.

Tasalla ba ta san wani abin da zai hana gayya ba in ba wannan ba. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta bar Sauda da gadin abinci, ta kama hanyar gari.

Ba ta sha wahalar nema ba. A filin makarantar firamare ta hangi wata farar mota mai dogon eriya, da wani ƙyalle da aka ɗaura tsakanin darbejiya biyu. Ba ta iya karatun boko ba, amma abin da ke jikin ƙyallen shi ne: Yoga don Lafiya, Juriya da Haɗin Kan Al'umma. Tana zagayo katanga ta yi turus. Samarin garin ne kaf, su arba'in, a kwance rigingine a jere kan wasu tabarmin roba shuɗɗa, kowa sanye da farar riga, hannaye a sake, idanu a rufe, ba mai motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Tasalla, ta ɗora hannu a ka.

Sai ta ji minshari. Ta bi sautin da ido, sai ga Ilu makaɗin gangar noma, baki a buɗe, ƙuda yana masa shawagi.

Ga yadda abin ya faru. Wata ƙungiya ce daga birni ta aiko wa mai unguwa Lado takarda, ta ce a tara mata mutum arba'in masu fama da ciwon baya da damuwa da kaɗaici, za a koya musu wani motsa jiki na mutanen Indiya har kwana uku, ya warkar da su. Lado ya juya takardar, ya ga abin ba tsari. Baƙi za su taso tun daga birni, da kyamara, a kwaso musu tsofaffi masu dogara sanda a jera? Sai a ce garin Gidan Ashiru ba mutane. In baƙo ya zo, mai kyan gani ake turawa gaba. Da ya ji kuma cewa akwai riga da tabarma da shinkafa a roba, sai ya fara rubutu da 'ya'yansa, ya bi da surukansa, ya cike da duk wani ƙato da zai iya ɗaga buhun masara shi kaɗai. Liman ya zo ya duba, ya ce a cire wani sashe da ake kira gaisuwar rana, sauran kuwa miƙa ce kawai, ba laifi. Masu ciwon bayan gaske ba wanda ya gaya musu, dama suna gona, ba su da lokacin kwanciya.

Tasalla ta ratsa tsakanin tabarmin har ta iso kan Sagiru, ta zungure shi da ɗan yatsan ƙafa.

"Sagiru, lafiya?"

Ya buɗe ido ɗaya, ya ga ko wace ce, ya yi zumbur ya zauna. "Gwaggo, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya ta ƙare a gona. Goron da ka ci fa?"

"Wallahi Gwaggo ban manta ba. Mai unguwa ne ya sa sunayenmu jiya da yamma, an ce kuma duk wanda ya yi fashin rana ɗaya ba shi ba satifiket. Kwana uku ne kacal. Ranar Asabar tun da duku-duku muna gonarki."

"Ka gaya wa hadarin ya jira Asabar ɗin?"

Sagiru ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Sai ga malamar da ke koya musu ta iso, wata siririyar yarinya mai suna Hamdiyya, da doguwar riga da wando da takalmin gudu, tana magana a hankali kamar mai lallashin jinjiri.

"Sannu da zuwa, Mama. Don Allah a rage murya, suna cikin hutun zuciya ne. Ke ma kin zo shiga ne? Kina fama da ciwon baya?"

"Tun kafin a haife ki."

"Ayya! Kaɗaici fa? Kina jin kamar an bar ki ke kaɗai?"

"Tun hantsi nake jin haka."

Hamdiyya ta juya ta dubi mai kyamarar da ke biye da ita, fuskarta cike da murna. "Ka ji ko? Abin da muke faɗa ke nan. Mama, binciken da muka yi ya nuna mutanen karkara ba su da wata hanya ta haɗuwa su yi abu guda tare. Kowa yana fama shi kaɗai. Shi ya sa muka kawo wannan shiri. Dubi yadda muka tara su wuri ɗaya!"

Tasalla ta dube su. Lalle an tara su, ba ƙarya. Haushi ya kama ta, ta juya za ta tafi. Garin juyawa silifas ɗinta ya tsinke, ta sunkuya don ta gyara, irin sunkuyon da ta saba tun tana yarinya: gwiwa a miƙe, ƙugu a sama, tafin hannu a ƙasa.

Hamdiyya ta ƙwalla ihu har Ilu ya farka.

"Tsaya haka, Mama! Kar ki motsa! Ɗauke ta, ɗauke ta! Kai, shekara biyu na yi kafin tafin hannuna ya taɓa ƙasa. Ku tashi ku ga yadda ake yi! Mama, a ina kika koya?"

"A gonar gyaɗa," in ji Tasalla daga ƙasa. "Sunkuyawar ba wuya, 'yar nan. Miƙewar ce aiki."

Ƙarti arba'in suka tashi suka kewaye ta suna tafi, da yake an koya musu tafi tun da safe. Ta dafa gwiwa, ta dafa ƙugu, ta miƙe a hankali kashi uku, bayanta yana ƙara. Ba wanda ya kama ta, don mai kyamara ya ce kar a shiga gabansa.

Da azahar ta gabato, Sauda ta aiko cewa dambu zai yi yami. Abincin mutum arba'in ba na tsofaffi biyu ba ne, zubar da shi kuma haram. Haka aka ɗauko tukunya da ƙore aka kawo makaranta. Hamdiyya ta kusa yin kuka don daɗi, ta ciro littafi ta rubuta cewa tun ranar farko matan gari da kansu suka fara dafa abinci don tallafa wa shirin, alamar haɗin kai ya fara kama jiki. Samari suka cinye shinkafarsu ta roba, suka ɗora da dambun gayyar da ba su yi ba. Sagiru ya ci kansa a ƙasa don kunya, amma sai da ya ƙara.

Da yamma Tasalla ta koma gona da fartanya ita kaɗai. Ta cire kunya biyu kafin magariba. Laraba ta cire huɗu, Sauda ta taya ta da ɗaya kafin nata aikin ya kira ta. Gonar kunya ɗari da wani abu ce. Daga inda take tana jiyo muryar Hamdiyya a lasifika, iska tana kawo ta gutsi-gutsi: "Ku ja numfashi... ku riƙe... ku saki duk abin da ya dame ku."

Da la'asar ɗin Laraba hadarin ya daina wasa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, ya sake dawowa Alhamis. A makaranta aka shige cikin aji aka ci gaba, Hamdiyya ta ce ƙarar ruwa a kan kwano tana taimaka wa natsuwa. Aka rufe taro da jawabin mai unguwa, aka raba satifiket, farar mota ta yi ta zamewa a taɓo har samari suka tura ta ta hau titi. Wannan shi ne aiki mafi nauyi da suka yi a makon.

Asabar ta zo, ba a ga kowa ba. Sagiru ya aiko da ban haƙuri, wai cinyoyinsu duk sun yi tsami, Ilu ko tsugunno ba ya iyawa, saboda wani tsayi da ƙafa ɗaya da aka sa su yi ranar ƙarshe. Lahadi aka tafi ɗaurin aure Yola ta Ƙaraye, mota biyu.

Sai ranar Litinin ganga ta tashi. Suka taho a jere da fararen rigunansu, wasu har da tabarmar a naɗe a hammata, don ta yi daɗin zama a inuwa. Suka tarar da Tasalla zaune a tsakiyar gona a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙafafu a miƙe. Ba kunu, ba dambu. Ilu ya sassauta kiɗa, ya daina.

Sagiru ya kama wata gyaɗa ya tumɓuke. Kowane kwanso ya tsage, farin tsiro ya leƙo, wani har ya yi ganye biyu. Ya matsa gaba ya tumɓuke wata. Haka. Ya je can ƙarshen gona ya gwada, ya dawo yana karkaɗe hannu a jikin wando. Samarin suka tsaya cirko-cirko, kowa yana kallon fartanyarsa.

Tasalla ba mai kuka a gaban yara ba ce, ko ranar da aka fita da Maharazu sai da ta shige ɗaki. Yau kam hawaye suka zubo mata ba ta ko share ba, tana riƙe da tsiron a tafin hannu, ƙirjinta yana sama yana ƙasa.

Tausayi ya kama Sagiru ƙwarai, don yaron ba mugu ba ne. Ya laluba cikinsa ya nemi abin da zai ba ta, ya sami abin da yake da shi. Ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya irin ta malama.

"Gwaggo, damuwa tana ƙara ciwon baya. Ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki riƙe, ki ƙirga huɗu, sannan ki saki."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ja numfashin, ta riƙe, ta saki.

"Na saki," in ji ta. "Sai me kuma aka ce a ci bayan nan?"

Sagiru ya juya ya dubi 'yan uwansa. Ba a kawo wannan darasin ba.