Robar Wuyan Kafinta

Babbar nas ta ɗakin masu ciwo mai tsanani, Anti Sabulu ake ce mata, don ko gaisawa za ka yi da majinyaci sai ta kora ka wajen famfo tukuna.

Kafintan da ke gado na huɗu aikin hanji aka yi masa, aka zura masa siririyar roba ta babbar jijiyar wuya, ta nan magani ke shiga jininsa. Tun kwana na shida ya fara haɗiyar magani da bakinsa. Kullum da safe sai Anti ta ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, robar nan ta gama aikinta, a cire ta."

"A bar ta, ƙila a buƙace ta," in ji shi, ya wuce gado na biyar.

Kwana na goma sha ɗaya kafinta ya hau rawar ɗari, har gadon na ƙara. Matarsa ta riƙo hannun Anti. "Yaya, jiya fa har cewa ya yi zai gyara muku ƙafar kujerar nan. Me ya same shi?"

Gwajin jini ya fito: ƙwayoyin cuta sun bi robar sun shiga jini. Mutum na uku ke nan a wata guda.

Da likita ya zo zagaye, ya miƙa hannu zai ɗaga filastar wuyan. Anti ta tare shi da jikinta.

"Ba da wannan hannun ba. Yanzu ka gama latsa waya."



"Kin san da wa kike magana?"

"Na sani sarai! Sau biyar ina roƙonka, duk na rubuta a fayil da kwanan wata. Mutum ya tsallake wuƙa lafiya, mu kuma mu kashe shi da ƙyuya? Ga matarsa nan, kai za ka yi mata bayani, ni bakina ya gaji."

Sai likita ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya zare robar da kansa.

Washegari takardar tuhuma ta iso mata, wai rashin ladabi. Ta amsa a layi biyu, ta maƙala sakamakon gwajin mutum ukun. Shiru ba a sake tayar da maganar ba, sai dai an fara rataya kati a kowane gado, da ranar sa roba da dalilin barinta.

Kafinta ya ƙara sati uku a kwance. Ranar sallama wandonsa ya ƙi zama a ƙugu, sai da matarsa ta ɗaure masa da bandeji.