Yagana Ba Ta Shiga Mota

Yagana dai ba 'yar Bauchi ba ce, Babarbariya ce ta Maiduguri, wankan jego ne ya kawo ta. 'Yarta Zinariya, da ke aure a Ƙofar Ran gidan Malam Abdulsalam, ita ta haihu, tsohuwa ta hawo jirgin ƙasa ta zo. Kwana arba'in ta ce za ta yi, don ta baro yayarta Ya Fanna a gida, ido ya fara yi mata hazo, kuma su biyu ne kaɗai suka rage a ɗakinsu.

To, ita Yagana tana da wani abu guda: ba ta shiga mota. Tun ranar da babbar mota ta kife da mijinta a hanyar Damaturu ta rantse ita da mota har abada. Jirgi kuwa ɗan'uwanta ne. Ta san Buni, ta san mai furar Bajoga, ta san a Gombe ake daɗewa har mutum ya yi salla ya miƙe ƙafa, daga Alkaleri kuma sai a fara ɗaure kaya.

Ranar da aka yi arba'in, wata Alhamis, ta ɗaure ƙullinta, ta sayi masa mai zafi cike da kwano, saboda Ya Fanna ta ce kada ta kuskura ta dawo ba masar Bauchi. Ta taka har tasha. Mai sayar da tikiti, wani mutumin kudu da ake kira Pius, ya leƙo ta taga.

"Mama, jirgi ba ta zo ba. Inji ya lalace. Sai sati mai zuwa."

"To, ɗan nan, Allah ya kai mu. Ungo masar, kafin sati ta yi tsami."

Haka aka fara. Sati ya zama wata, wata ya zama shekara. Duk Alhamis Yagana na kan bencin tasha da ƙullinta da kwanon masa, duk Alhamis Pius na cewa sati mai zuwa. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan dogo, awaki suka samu wurin kiwo, masu tuwo-tuwo suka kwashe tukwanensu suka koma tashar mota. Ita dai tana zuwa.

"Kai Pius, ka yi kumatu da masar yayata. Ranar da ta gan ka sai ka amayar."

"Mama, ni zan kai ki da kaina, in ba ta haƙuri."

Su yi dariya, ta jinjina ƙulli ta koma.

A gida kuwa an yi lallashi har an gaji. Malam Abdulsalam, da yake suruki ne, ba ya iya kallon idonta. Sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Iya, rantsuwa ai tana da kaffara. A ciyar da mutum goma, shi ke nan. Ni zan ɗauki nauyi, in sa ki a gidan gaba, kafin magariba kina Maiduguri."

"Allah ya yi maka albarka, Malam. Jirgin zai zo."

Abin da ba ta faɗa masa ba, ba rantsuwar ce ta riƙe ta ba. Ita ta je ta gano mijinta a ranar, ta ga yadda ƙarfe ya yi da shi. Ko warin fetur ta ji sai abin ya dawo mata sabo.

Ana nan, wani direba ya kawo kaset daga Maiduguri, don a lokacin haka ake aika magana ga wanda ba ya karatu. Zinariya ta sa a rediyo, sai ga muryar Ya Fanna da Barbarci, ta yi ƙasa-ƙasa, amma tsiyar tana nan.

"Yagana, ke da kika tafi kwana arba'in, wa ya koya miki lissafi? Idona ya rufe gaba ɗaya, ba sai kin yi kwalliya ba. Ki zo in ji muryarki kawai. In jirgin ya mutu, ni ban mutu ba tukuna."

Yagana ta sa aka maimaita sau uku. Zinariya ta riƙe hannunta tana kuka.

"Iya, don Allah gobe mu tafi. Ni zan zauna kusa da ke, ki rufe ido har mu isa."

Wallahi tsohuwa ta kusa cewa to, maganar ta zo har bakinta. Sai ta tuna jibi Alhamis.

"Bari mu ga jibi. Pius ya ce an kawo sabon inji Jos."

Jibi ta zo, jirgi bai zo ba. Ta ce to, Alhamis ɗaya tak za ta ƙara. Ran Talata direban nan ya sake yin sallama a ƙofar gida, wannan karon ba kaset a hannunsa, hularsa ce yake ta murzawa. An binne Ya Fanna jiya da la'asar.

Yagana ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, ta tashi ta ɗauko ƙullin nan da ya shekara biyu a ɗaure.

"Malam, nemo motar."

Kafin su wuce tashar mota ta ce sai ta biya ta wajen Pius. Ta same shi yana share gaban tagar da ba mai zuwa.

"Mama, yau ba Alhamis ba."

"Yayata ta rasu, Pius. Abu ɗaya zan tambaye ka, ka ji tsoron Allah. Ka san ba zai zo ba?"

Tsintsiya ta faɗi daga hannunsa. Mutum mai furfura, sai ga hawaye.

"Na sani, Mama. Tun bara. Kullum ina so in faɗa, sai in ga kin zo da kaya. Ni ma shekara ashirin da shida ina nan. In na faɗa miki, na faɗa ma kaina."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta so ta yi fushi, ta nema ta rasa, don ta san ko ya faɗa mata da wuya ta ji.

"Ka ci masarta da yawa," in ji ta. "Ka yi mata addu'a irin taku."

A tashar mota aka ba ta gidan gaba, Zinariya a gefenta da goyo. Direba ya tayar, warin fetur ya bugi hancinta, ta damƙe ƙulli ta runtse ido tana jiran abin da ta shekara ashirin tana gudu. Ba abin da ya faru. Mota ta yi ta tafiya lafiya lau, Darazo, Potiskum, har Damaturun ma suka wuce, ko taya ba ta yi faci ba.

Rana ba ta faɗi ba suka shiga Maiduguri. A nan ne fa kukan ya ƙwace mata.

"Zinariya," ta ce, "ashe kusa ne haka?"