Kwalbar Malam Mahama

Kwalbar tana bayan akwatin ƙarfe, naɗe cikin tsohuwar jarida, abin da ke cikinta kuwa fari tas kamar ruwan famfo. Batulu ta buɗe murfin, ta kai hanci. Warin ya doke ta har sai da idonta ya kawo ruwa. Ta rufe da sauri, ta zauna a bakin gadon mijinta, tsintsiyar da ta shigo da ita yashe a ƙasa.

Ashe Hawa ba sharri take yi ba. Hawa maƙwabciyarsu ce a gidan hayar, ƙofarta na kallon tasu. Ita ce ta raɗa mata a bakin murhu cewa ta ga mijin nata, Malam Mahama, a unguwar Akwatialine, ya fito daga rumfar abokinsa Sulley da wani abu cuse a ƙarƙashin riga. Sulley fenti da man goge katako yake sayar wa kafintoci. To me ladanin masallacin layi, tsohon mai gyaran keken ɗinki, zai yi da kayan kafintoci?

"Mma Batulu, ni dai ban ce komai ba," in ji Hawa, tana juya tuwo. "Amma giyar nan akpeteshi ma haka take, fara kamar ruwa."

Tun rasuwar wansa Boukari, Malam ya sauya. Da ya dawo daga sallar azahar sai ya shige ɗaki ya sa sakata. In ya fito, warin nan ne a hannunsa da bakin rigarsa. Batulu ta san halin unguwarsu ta Zango: maganar da ta fita ƙofar gida da safe, kafin la'asar ta isa can unguwar Bantama a cikin trotro, motar haya. Mutumin da ake jin muryarsa a lasifika kullum, in aka ce yana sha, ya gama yawo.

Tambayarsa ta gagare ta. Sau da yawa ta buɗe baki tana miƙa masa abinci, sai ta tambaye shi ko gishiri ya ji. Daga ƙarshe ta ɗauki dabarar da ta taɓa ji wajen matan kasuwa masu mazaje mashaya. Duk lokacin da ya tafi masallaci, sai ta tsiyayar da kaɗan a kwata, ta cike gurbin da ruwa. A ganinta abin zai yi ta salancewa har ya fita ransa, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Maimakon haka sai Malam ya ƙara rikicewa. Tana jin ƙas-ƙas daga ɗakin, sai tsaki, sai shiru. Ya rage cin abinci, ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Batulu ta ce a ranta, jikinsa ne ke neman abin da ya saba. Ta ƙara ruwan.

Wata Asabar bayan la'asar ya dawo fuska a murtuke, da sabuwar kwalba a hannu, a fili, ba jarida. Ya kira ta ɗaki. Ta shiga.

Akwatin ƙarfen a buɗe yake. A kan tebur ga wani ɗan inji, bai fi dunƙulen hannu ba, da farfelar katako a hancinsa. Malam ya ce injin jirgin sama ne na wasa, irin na da. Wani Bature da Boukari ya yi wa kuku a Obuasi ne ya ba shi, shi kuwa Boukari ya rasu bai taɓa jin kukansa ba. A cikin kayan mamacin Malam ya tsince shi, injin ya daskare. Ya yi ta jiƙa shi yana wankewa har ya saki. Kunya ce ta hana shi faɗa, dattijo da furfura yana wasan yara.

Ya ce irin wannan ba ya shan fetur, ba ya shan kananzir. Sifirit yake so tsantsa, irin wanda Sulley ke sayar wa kafintoci, a haɗa da man zurma, domin tsohon ƙarfe ba ya jure wani man.

"Kada ki yarda ko ɗigo ya taɓa bakin wani," ya ce. "Wannan guba ce, tana makantarwa."

Batulu ta dafa bango.

Ya zuba na tsohuwar kwalbar a kofin gilashi, ya ɗiga man zurma, ya girgiza. Abin ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ya yi haka da sabuwar, wadda ya sayo a wani shago a Adum, ta haɗe garau.

"Kin gani? Ruwa ne. Sulley ruwa ya sayar mini." Ya dire kofin a kan tebur. "Mutumin da muka yi makarantar allo tare. Na je na faɗa masa a gaban kafintocin duka. Wai har rantsuwa yake yi mini."

"Malam, ko dai..." Sai ta tsaya.

"Ko dai me?"

"Ko dai ka bari ya huce, ku zauna."

Ya ce ba sauran zama.

Wannan karon a tsakar gida ya ɗaure injin a jikin benci. Ya cika ɗan tankin, ya ɗiga mai a maƙogwaron injin, ya maƙala wayar batir a kan filogin da ke bisa kansa, ya bugi farfelar da guntun sanda. Ta yi tari. Ya sake bugawa. Sai ga ƙara siririya mai huda kunne, tantabarun kan kwano suka watse. Ya cire wayar, ya murɗa wata 'yar allura a hankali har kukan ya daidaita. Hayaƙi mai ƙaurin man zurma ya cika gidan. Hawa ta fito da muciya a hannu, ta dubi injin, ta dubi Batulu, ta koma ɗaki. Malam yana tsugune, iskar farfela na kaɗa gemunsa, leɓunansa na motsi. Batulu ta gane sunan Boukari a cikin addu'ar.

Da man ya ƙare, gidan ya yi tsit. A daidai lokacin Sulley ya gitta ta ƙofar gida zai tafi masallaci. Shi da ba ya wucewa sai ya leƙo ya tsokane ta a kan yajin miyarta, yau ko waiwaye bai yi ba.

Malam ya goge hannu, ya ɗaure murfin sabuwar kwalbar tam, ya miƙa mata.

"Ajiye mini a ɗakinki," ya ce. "Yanzu ban yarda da kowa ba sai ke."

Ya ɗauki buta ya nufi alwala. Batulu ta tsaya riƙe da kwalbar da hannu biyu, har muryarsa ta tashi a lasifika.