Amin ɗin Inna

Da rana tsaka wani taron mutane ya cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. Dogo ya tsaya a ƙofa yana roƙonsu, wani ya sare shi da adda a wuya. Ƙanensa Maiwada, ɗan kabu-kabu, ya ga fuskar mutumin, ya kuma san gidansa.

Ya kawo gawar gida, ya zuƙo isans, wato fetur, daga babur ya cika kwalba, ya sa ashana a aljihu.

Uwarsu Lami ta tare ƙofa, zanenta jage-jage da jini. "Durƙusa mu yi addu'a tukuna."

Tun suna yara a Jiratawa, ba mai tashi daga addu'a sai ta ce amin. Ya durƙusa. Ta gaya wa Yesu abin da aka yi wa ɗanta, sannan ta yi shiru.

Hayaƙi na ta shigowa ta taga. Maiwada ya dubi ƙofa.

"Inna, ki ce amin."

"Na tambaye shi, bai amsa ba tukuna. Zai amsa."

Rana ta faɗi, gwiwoyinsa sun sage, kwalbar na hannunsa. Lami ba ta ce amin ba.