Maraƙin Hauwa'u

Saura mako uku a fara huɗa ciwon baki da kofato ya kama bijimin Hamma a Gafasa. Sai ya yi yadda ya ga mahaifinsa yana yi: ya dangwali yawun bijimin da tsumma, ya bi sauran shanun yana goga musu a baki, don su kamu tare, su warke tare kafin ruwa ya zauna. Har saniyar ƙanwarsa Hauwa'u bai tsallake ba. Ita kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata, ga maraƙi ɗan kwana goma yana tsotso.

Kwana huɗu, wani maraƙin Hamma ya faɗi matacce, ko gyambo babu a bakinsa. Na Hauwa'u ya fara haki. Hamma ya hau babur sai Gaya, shagon Maiwada mai maganin dabbobi, ya faɗa masa ciwon.

"Ba ni allurar da ta fi kowacce ƙarfi."

"Ta kashe me, Malam Hamma? Wannan ba tsutsa ba ce. Bairos ne, ba ya ci, ba ya sha, shi kaɗai ko haihuwa ba ya iyawa. Ƙwayoyin jikin dabbar yake shiga, ya sa su su yi ta ƙera irinsa. Allura ba ta da inda za ta kama shi."

"To manyan ai suna tashi!"

"Manya suna tashi. Ƙanana a nono suke sha, zuciya yake kama musu. Wa ya haɗa mai shayarwa da maras lafiya?"

Hamma ya dubi ƙasa.

"Kai dai! Yi maza ka raba shi da uwar. Ko ka yi dace."

Bai yi dace ba. Ya tarar da Hauwa'u durƙushe a garke, kan maraƙin a cinyarta, uwar tana lasarsa da harshe duk ƙuraje.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, Yaya," ta ce. "Wanda ya ba ni shi ya karɓa."

A gida babu wanda ya san abin da Hamma ya yi. Idan ya yi shiru, za ta tafi da haƙurinta cikakke. Idan ya faɗa, nauyin ya sauka daga kansa ya hau nata. Ya daɗe a tsaye yana neman wanne ne tausayi, wanne ne tsoro, bai iya raba su ba.

"Hauwa'u," ya ce, "ba da kansa ciwon ya zo wa saniyarki ba."