Hannun da ya Tafi Goshi

Na'ura biyu ce a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Ta farko tabarau ce da ɗalibi ke ɗaurawa a fuska yana zaune kan kujera, sai ya ga sararin samaniya kamar gaske. Ta biyu kuwa ma'aikata Akwati suke ce mata: ɗakin matuƙi ne sukutum a bisa ƙafafun ƙarfe masu girgiza shi, kuma in an rufe ƙofarsa ba fita sai an gama.

Tsohon Kyaftin shi ke da Akwati, kuma ba a gabatar da ɗalibi ga masu jarrabawa sai da yardarsa. Ranar nan wadda ta zo gabansa Auta ce, 'yar ƙaninsa marigayi, wadda shi da matarsa Inna suka rena a gidansa. Kusan duk karatunta da tabarau ta yi shi, ba ta taɓa faɗuwa ba. Wani kamfanin jirage ya ajiye mata gurbi, in har ta shiga jarrabawar wannan zango.

Injiniya mai kula da na'urar ya riƙe mata ƙofa yana dariya. "'Yar tabarau, yau dai kin zo gidan girgiza. Allah Ya sa ba ki cika ciki ba."

"Kai dai ka matse kusoshinka, kada tsohuwar ta watse da mu," in ji Auta.

Kyaftin ya yi bisimilla, ya zauna bayanta. Suka tashi lafiya. Da suka shiga gajimare sai ya danna maɓalli, injin hagu ya kama wuta. Ƙararrawa ta kaure, Akwati ya karkata yana rawa. Auta ta kashe injin, ta daidaita jirgin, komai bisa ƙa'ida. Amma da ƙasa ta matso, iska ta fizge su, sai hannunta na dama ya saki sandar ba da wuta ya tafi goshinta, yatsu suna lalube. Ƙiftawar ido ce kawai. Hannun ya dawo, ta sauka sumul.

Injiniya ya tafa daga waje. Kyaftin bai motsa ba. Shi kaɗai ya gani, sai Wanda ba Ya barci. Ya tuna da ƙaninsa a gadon asibiti yana danƙa masa yarinyar, ya kuma tuna da bayin Allah da za su zauna a bayanta wata rana, ba su san ko sunanta ba.

"Auta, me kika je nema a goshinki?"

Ta sunkuyar da kai. "In jiri ya ɗebe mu, malamai kan ce mu ɗaga tabarau mu kalli bango, mu numfasa. Hannuna ne ya saba, Baffa. Amma ai na sauka."

"Kin sauka. Sai dai a sama babu bangon da za ki kalla. Ba zan gabatar da ke a wannan zango ba."

"Baffa, gurbin nan ba zai jira ni ba!"

"Na sani, 'yata. Arziki yana hannun Allah, rayukan mutane kuwa amana ce da za a tambaye ni."

Ta daɗe tana kallon hannun nata, hawaye na ɗiga kan rigar aiki. Sannan ta ce, "Kai za ka gaya wa Inna. Ni ba zan iya ba."

"Ni zan gaya mata."

Injiniya ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko ya buɗe. Auta ta share fuska, ta ƙara matse ɗamarar kujera.

"Kada ka buɗe," ta ce. "Kyaftin, a sake sa mini wutar injin nan."