Faɗuwa Na Yi

…kuma ba zafin ne ya dame ta ba, a'a. Zafi ai an ba ta magani, ƙwaya biyu bayan abinci. Nauyin ne. Kamar an ɗura mata siminti a tsakiyar fuska an bar shi ya bushe. Kwana uku ke nan da aka yi wa Naja'atu aikin hanci, kwana uku tana numfashi ta baki, leɓe ya tsattsage, harshe kamar tsohon soso. Filo uku a bayanta. Kada ki sunkuya, kada ki fyace, in atishawa ta zo ki buɗe baki — to, sujada fa? Da nuni. Da nuni take salla, a zaune, a ɗakin Inna, nan Tudun Wada, gidan da ta bari shekara goma sha huɗu. Mijinta ya so ta yi jinya a gidanta na Hanwa. Inna ta ce a'a. Ko murya ba ta ɗaga ba, ta dai ɗauki jakar kayan ta yi gaba.

Ga ta can bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti. An ɗauke wuta tun hantsi. Wani mai keke a bakin layi yana ta kiran fasinja, Kongo, Kongo, mutum ɗaya…

Likitan ne ya jawo duk wannan. Da ya yi aikinsa ya yi shiru, da shi ke nan. Amma sai da ya ɗaga hoton ƙashin nan a gaban fitila, yana bi da bakin biro.

“Hajiya, ba da wannan aka haife ki ba. Tsohuwar karaya ce, ta haɗe a karkace. Kin taɓa buguwa kina ƙarama?”

Inna tana kujerar gefe, jaka a cinya.

“Faɗuwa na yi.”

Ko tunani Naja'atu ba ta yi ba. Shekara talatin da takwas, 'ya'ya uku, mace mai ofis da tebur nata na kanta — amma 'yar shekara shida ce ta ba da amsa. Wa take tsoro? Baba ya rasu. Kaka Hajo ta rasu tun kafin shi. Wa ya rage da za a ɓoye wa?

Tsakar gidan nan ne. Lokacin ba a yi masa siminti ba. Turmi yana gindin gwaiba, Inna tana surfen gero, ita kaɗai, tana waƙa ƙasa-ƙasa don Kaka Hajo, uwar Baba, ta tafi gidan suna. In tsohuwar tana nan ba a waƙa. In tana nan, Inna “mai rawar kai” ce, wadda ba ta san riƙon gida ba, ba ta san riƙon ɗa ba. Amma yau ba ta nan… sai Inna ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe. Naja'atu ba ta taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Inna, sake! Ta sake. Inna, tafi biyu! Tana dariya, wushiryarta a waje — Inna tana da wushirya, yaushe rabon da a gan ta? — ta cilla, ta tafa, ta tafa—

Taɓaryar ta daki gefen turmi ta dawo.

Ba ta tuna zafi. Jini take tunawa a cikin gero, ja a kan fari. Da sunanta. “Naja'atu!” Ita 'yar fari ce, uwa ba ta kama sunan 'yar fari, “ke” ce, “yarinyar nan” ce, har yau ɗin nan. Sau ɗaya tak ta ji sunanta a bakin Inna, ranar.

Wani abu mai ɗumi yana gangarowa kan audugar da aka manna mata a ƙarƙashin hanci. Ba komai, in ji nas, haka zai dinga yi. Kada ki taɓa. Ba ta taɓa ba.

Ruwan ɗumi da gishiri, tsumma, geron nan aka kai shi bayan gida aka binne. Inna a durƙushe, ta riƙe mata kafaɗu biyu. “In an tambaye ki, ki ce faɗuwa kika yi. A kan dakali. Kin ji? Don Allah kin ji?” Uwa tana haɗa 'yarta da Allah. Baba ya dawo daga tashar jirgi, ya ɗaga mata haɓa ya duba, ya ce ki dinga kallon gabanki. Shi ke nan. Asibiti? A asibiti ana tambaya.

Sai shekaru. Hanci ɗaya a toshe rani da damina. Mura ce, in ji Inna. Tafarnuwa, man zafi, turara ganye a lulluɓe da bargo — mura ce. A makarantar kwana aka mayar da gadonta can ƙarshen ɗaki saboda minshari, suka sa mata suna Inji. Ciwon kai duk asuba. Murya ta hanci, yara suna kwaikwaya in ta ba da baya. Satin farko na aure, ta ƙi yarda barci ya ɗauke ta kafin mijin… shi ma bai taɓa cewa komai ba, Allah ya saka masa. Faɗuwa na yi, ta gaya masa. Shi ma.

Tana da haushi? Tana laluba, kamar mai neman allura a ƙasan jaka. Akwai. Ɗan kaɗan, amma akwai. Da an kai ta a ranar, da an miƙe shi yana ɗanye… shekara talatin da biyu tana rabin numfashi, don kada wata tsohuwa ta yi faɗa? Don kada a ce a mayar da Inna gidansu? To — da an mayar da ita ɗin fa? Ita Naja'atu wa za ta zauna a hannunsa?

Kuma Inna ba ta sake daka ba. Yanzu ne abin yake faɗo mata. Kafaɗa ke ciwo, haka aka ce, aka koma kai hatsi inji, turmin aka ba maƙwabta. Kafaɗar da take ɗaukar bokiti biyu daga rijiya? Waƙar ma…

Inuwa a kanta. Inna ce, da sabuwar auduga da filasta. Tana ɓamɓare tsohuwar a hankali, a hankali, tana riƙe numfashi. Idonta a kan goshi, a kan kunne, a kan bango. Ko'ina ban da wurin.

“Da zafi?”

“Babu, Inna.”

“Sannu.”

Faɗa mata. Yanzu, tun hannun yana kan fuskarki. Inna, ni ce na ce ki sake. Ni na ce tafi biyu. Ko kuwa — Inna, na yafe. Yafe me? In ta ce ta yafe, ta ce an yi laifi ke nan. In ta yi shiru… kuma ta yaya ake fara irin wannan magana da uwa? A gidan nan ba a taɓa yi ba. Jiya ta ji Inna daga bayan labule, bayan la'asar, tana addu'a tana shessheƙa. Da ta yi motsi sai aka yi tsit, aka ce mura ce.

Shekarun Inna nawa ma a lokacin? Tana sha takwas ta haife ta. Da shida. Ashirin da huɗu.

Ashirin da huɗu. Ita tana ashirin da huɗu ai tana makaranta, tuwonta duk gudaji, kyankyaso ya hau ƙafarta ta tara mutane da ihu. Ta girmi waccan matar da shekara goma sha huɗu. Waccan ta gindin gwaiba, da jini a zaninta, tana waiwayen ƙofar zaure… ashe yarinya ce. Yarinya ce ta sami gida babu kowa ta ɗan yi wasa.

Inna ta danne bakin filastar da ɗan yatsa. Ta gama, amma ba ta ɗauke hannun ba.

Maganin ya fara janta. Idanu sun yi nauyi, kalmomin suna watsewa tun ba su jeru ba. Ta ɗaga hannu — ba ta san me za ta yi da shi ba — ta kama bakin mayafin Inna, ta riƙe.